Yadda Ake Mayar da Ma'aunin Daidaiton Ayyukan Yau da Kullum Zuwa Turkanci a Kuma Gwada Ingancinsa

Masu farfaɗo da marasa lafiya ta hanyar ayyukan yau da kullum, waɗanda ake kiran sana'arsu ergoterapi a Turkiyya, ba ciwon jiki kaɗai suke dubawa ba. Suna son sanin yadda mutum yake raba yininsa da makonsa: nawa ya ba aiki, nawa ya ba iyali, nawa ya rage masa na hutu da barci, kuma shi kansa ya gamsu da wannan rabo ko bai gamsu ba. Wannan gamsuwa ba a ganinta a gwajin jini, ba a ganinta a hoton ƙashi. Sai an tambayi mutum. Tunda kuwa tambaya ce, dole ta zo masa da harshen da yake tunani da shi, ta kuma taɓo irin rayuwar da yake yi.

Ma'aunin da aka fi sani a wannan fanni shi ne OBQ, wato jerin tambayoyin auna daidaiton ayyukan yau da kullum, wanda Petra Wagman ta Jami'ar Jönköping da Carita Håkansson ta Jami'ar Lund, dukansu a Suwidin, suka fito da shi a 2014 da tambayoyi 13. Tun a 2012 su da abokiyar aikinsu suka bayyana abin da suke nufi da daidaiton ayyuka: mutum ya ji a ransa cewa yawan abubuwan da yake yi daidai ne, kuma akwai sauyi mai kyau tsakaninsu. A 2020 aka buga sigar da aka yi wa gyara, OBQ11, mai tambayoyi 11. Kowace tambaya tana da amsoshi 4, daga 0 zuwa 3, jimillar maki kuma tana tashi daga 0 zuwa 33. Yawan maki, yawan daidaito. Da shi zan yi misali a nan, amma matakan suna aiki ga duk wani ma'auni irinsa.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Fassara ita ce ɓangare mafi sauƙi a wannan aiki. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa matar gida a Konya, da ma'aikacin banki a Santambul, da manomin shayi a Rize, duk sun fahimci tambayar yadda masu ita suka nufa. Idan wannan bai samu ba, duk lissafin da zai biyo baya kitso ne da ƙwarƙwata.

Mataki na farko: duba ko an riga ka, sannan ka nemi izini

Kafin ka taɓa alƙalami, bincika ko akwai sigar Turkanci. Ga OBQ11 dai akwai. Ayla Günal da Serkan Pekçetin da abokan aikinsu, tare da masu ma'aunin na asali, sun buga OBQ11-T a 2020 a mujallar wannan fanni ta ƙasashen Sikandinebiya. Sun samu alfar Cronbach, wato awon haɗin kan tambayoyi, 0.785, da daidaiton gwaji da maimaita gwaji 0.922. Saboda haka wanda zai yi aiki da OBQ11 a yau ba ya buƙatar sabuwar fassara. Abin da ke gabansa shi ne ya gwada ko sigar da ake da ita tana aiki ga mutanen da yake son aunawa, misali tsofaffi, ko iyaye mata masu kula da yara masu buƙata ta musamman, ko masu fama da shanyewar ɓarin jiki, ko Turkawa mazauna Jamus. Irin wannan mai bincike, bayan mataki na biyu, zai tsallake zuwa mataki na shida. Fassara biyu na ma'auni ɗaya a harshe ɗaya ɓarna ce, domin sakamakon masu bincike ba zai ƙara kwatantuwa da juna ba.

Idan kuwa ma'aunin da ka zaɓa ba a taɓa mayar da shi Turkanci ba, rubuta wa masu shi. Faɗa musu ko kai wane ne, su wa za ka auna, da hanyar da za ka bi. Nemi izini a rubuce, ka adana wasiƙar, domin kwamitin ɗa'a da mujalla duk za su tambaye ka ita. Ka kuma roƙe su abu biyu da mutane kan manta: bayanin abin da kowace tambaya take nufi, da alƙawarin za su duba fassarar da aka mayar baya zuwa harshen asali. Ka tambaye su daga wace siga za ka fassara, ta harshen Suwidin ko ta Turanci. Samun mafassara Turanci ya fi sauƙi a Turkiyya, amma ka sani cewa a lokacin fassarar fassara kake yi, don haka shawarar masu shi ta ƙara zama wajibi.

Mataki na biyu: kwamitin ɗa'a

A jami'o'in Turkiyya irin wannan bincike yana bi ta etik kurul, kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike. Kada ka tara ko amsa guda kafin takardar amincewa ta fito. Bayanan lafiyar mutum suna cikin waɗanda doka mai lamba 6698 ta 2016, wadda aka fi sani da KVKK, ta ba kariya ta musamman. Ka tsara takardar yarda da Turkanci mai sauƙi, ka ba kowane mai amsawa lamba maimakon suna, ka ajiye jerin sunayen a wani wuri dabam.

Mataki na uku: fassara, haɗawa, da mayarwa baya

Hanyar da akasarin masu bincike a Turkiyya suke bi ita ce wadda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka tsara a mujallar Spine a 2000.

Ka samu mafassara biyu waɗanda Turkanci ne harshensu na uwa. Ɗaya ya zama ɗan fanni, wanda ya san abin da ake son aunawa. Ɗayan kuma kada ya san komai game da fannin, kada ma a faɗa masa manufar tambayoyin. Kowa ya yi nasa shi kaɗai, ya rubuta duk inda ya yi tantama da dalilin zaɓinsa. Hikimar wannan a fili take: ɗan fanni zai kare ma'anar ilimi, wanda ba ɗan fanni ba zai kare maganar mutanen titi. Idan duka biyun malaman jami'a ne daga sashe ɗaya, za ka samu Turkancin da malamai kaɗai ke jin daɗinsa.

Daga nan sai su zauna tare da mutum na uku mai rubuta bayani, su haɗa fassarorin biyu su fitar da guda. Duk saɓani a rubuta yadda aka warware shi. Kada a bari mai babban muƙami ya yanke hukunci don girmansa kawai.

Sai a miƙa wannan haɗaɗɗiyar siga ga wasu mafassara biyu waɗanda harshen asali ne nasu na uwa, waɗanda ba su taɓa ganin ma'aunin ba, su mayar da ita baya. Wannan mataki yana kama manyan kurakurai, kamar inda aka juya ma'ana ko aka zubar da wani ɓangare na jimla. Amma kada ka ba shi amanar da ta wuce ƙarfinsa. Fassarar da aka yi kalma da kalma takan koma baya tsaf kamar asali, alhali a Turkanci ba mai magana haka. Kyan mayarwa baya ba ya nuna cewa mutane za su gane.

Mataki na huɗu: kwamitin ƙwararru, inda ainihin aikin yake

Ka tara mafassaran duka, da masu ergoterapi, da masanin harshen Turkanci, da masanin lissafin bincike. A ɗora duk takardun a tebur, a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa huɗu ake dubawa: ko ma'anar kalmomi ta yi daidai, ko salon magana ya zauna, ko abin da ake tambaya yana faruwa a rayuwar mutanen, da ko tunanin da ke ƙarƙashin tambayar ɗaya ne a al'adun biyu.

Matsala ta farko da za ta taso ita ce sunan abin da ake aunawa. A wannan fanni, idan an ce ayyuka, ba sana'ar neman abinci kaɗai ake nufi ba. Ana nufin duk abin da ke cika wa mutum lokaci: girki, renon jika, sallah, zuwa kasuwa, kallon ƙwallo, barci. Idan aka sa iş ko meslek, mai amsawa zai ɗauka aikin albashi ake nufi, matar gida da ɗan fansho su ce tambayar ba tasu ba ce. Ga kuma gadon gyaran harshe da aka yi bayan sauya haruffa a 1928, wanda ya bar Turkanci da kalmomi biyu ko uku ga abu ɗaya. Akwai faaliyet mai tushen Larabci, akwai etkinlik sabuwar ƙira, akwai aktivite da aka aro daga Faransanci. Kowacce tana da mutanenta da shekarunta da inda aka fi jin ta. Kwamiti ya zaɓi guda, ya tsaya a kanta daga farkon takarda zuwa ƙarshe, ya kuma sa gajeren bayani a sama da misalai daga rayuwar Turkiyya, don kowa ya san har aikin gida da hutu suna ciki.

Na biyu, yadda ake kiran mai amsawa. Turkanci yana bambanta sen na sabo da siz na girmamawa. Umarnin da ke saman takarda ya zo da siz. Su kuwa tambayoyin, tunda jimloli ne da mutum ke faɗa game da kansa, sai a bar su da bakin mai magana.

Na uku ƙaramin abu ne a ido, amma yana iya lalata bayanai. Amsoshin sun tashi daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". A Turkanci, katılıyorum na nufin na yarda, katılmıyorum na nufin ban yarda ba. Harafi ɗaya ne a tsakiyar doguwar kalma ya raba su. Dattijon da ya bar tabarau a gida, ko wanda ke cika takardar a ƙaramin allon waya cikin motar haya, zai iya zaɓar kishiyar abin da yake nufi bai sani ba. Maganin shi ne a yi rubutun da girma, a sa lamba kusa da kowace amsa, a bar tsarin jerin amsoshi iri ɗaya a duk tambayoyin. A kuma tabbata haruffa irin su ı da ğ da ş sun fito daidai a takarda da kuma a kwamfuta.

Sai tambayoyin da suka fi cin lokaci, waɗanda suka shafi al'ada. Ɗaya daga cikinsu tana tambayar daidaito tsakanin abin da mutum ke yi wa wasu da abin da yake yi wa kansa. A Suwidin wannan iyaka a bayyane take ga yawancin mutane. A gidan da surukai da jikoki ke zaune kusa da juna, inda kula da tsoho abin alfahari ne, mace za ta iya cewa hidimar mahaifiyarta ai kanta take yi wa. Ba ƙarya ta yi ba. To amma me makinta yake nunawa? Wata tambayar kuma tana raba ayyukan dole da na ganin dama. Ina za a sa karɓar baƙi da kai ziyara, wanda suke kira misafirlik? Ina za a sa gaisuwar idi gida-gida, ko imece, aikin taron dangi na ƙauyukan Anatoliya da ya yi kama da gayya a wajenmu? Ba wanda ya tilasta wa mutum, amma kuma ba ya iya ƙin zuwa. Kwamiti ba zai sauya ma'anar tambaya don ya kauce wa wannan ba. Abin da zai yi shi ne ya yi alama a kan waɗannan tambayoyi, ya nemi fatawar masu ma'aunin, sannan ya sa musu ido sosai a gwajin farko.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata batun aikin gida. Binciken amfani da lokaci da hukumar ƙididdiga ta ƙasar, TÜİK, ta yi a 2014 zuwa 2015 ya nuna mata suna kashe sama da sa'o'i huɗu a yini kan aikin gida da kula da iyali, maza kuwa ƙasa da sa'a ɗaya. Ma'aunin da kalmominsa suka karkata ga aikin albashi zai rufe ido ga wannan nauyi gaba ɗaya.

Bayan an daidaita kalmomi, sai a auna ra'ayin ƙwararru da lamba. Ka ba mutum shida zuwa goma, kowa ya ba kowace tambaya maki 1 zuwa 4 kan dacewarta. Ka ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4, ka raba da yawansu. Idan ƙwararru 8 ne kuma 7 suka amince, ka samu 0.88, ta wuce. Idan 6 ne suka amince, 0.75 ke nan, ta faɗi ƙasa da 0.78 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, sai a koma kanta. Masu bin hanyar Davis, wadda ta yaɗu a Turkiyya, suna sa iyakar a 0.80.

Mataki na biyar: gwajin farko da zama da mutane

Beaton ta ba da shawarar mutum 30 zuwa 40. A nan ne da yawa suke yin sakaci. Sai su raba takardar ga ɗalibansu a aji, su tambaya ko akwai abin da ba a gane ba, kowa ya ce babu, a rubuta cewa an fahimci duk tambayoyin. Ɗalibi ba zai ce wa malaminsa bai gane ba. Baƙon da aka tare a asibiti ma, don kunya da kara, zai ce komai lafiya.

Zauna da mutum ɗaya-ɗaya, ka bar shi ya cika, sannan ka koma kan kowace tambaya. Kada ka ce "kin gane?" Ka ce: "Teyze, da bakinki, me wannan tambaya take nema?" Ka ce: "Amca, da ka zaɓi 2, wane abu ne ya faɗo maka a rai?" Haka ake kiran dattijuwa da dattijo a can cikin ladabi, kuma kiran yana sa su saki jiki. Ka lura da inda mutum ya tsaya ya sake karantawa, da inda ya ɗaga kai ya dube ka, da inda ya yi dariya. Ka rubuta komai.

Ka kula musamman da tambayar da ta jero abubuwa da yawa a jimla ɗaya: aiki, gida, iyali, nishaɗi, hutu, barci. Turkanci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, yana kuma liƙa wa kalma ɗafe-ɗafe har ta yi tsawo, saboda haka kafin mai karatu ya kai ƙarshe ya manta farkon. Wani zai amsa kan barci kawai don shi ya fi damunsa. Haka tambayar da ke magana kan ayyukan da ke ƙara wa mutum kuzari da waɗanda ke cinye masa shi: leburan gini zai ɗauka ƙarfin jiki ake nufi, malamar makaranta ta ɗauka natsuwar zuciya.

Mutanen gwajin su bambanta da gaske. A samu wanda firamare kawai ya gama da mai digiri, a samu na birni da na ƙauye, matasa da tsofaffi. A kudu maso gabashin ƙasar akwai miliyoyin da Kurdanci ne harshensu na gida, Turkanci na biyu. A Jamus akwai jikokin ma'aikatan da suka fara zuwa bayan yarjejeniyar 1961, waɗanda ke jin Turkanci a baki amma sun fi sakewa da karatun Jamusanci. Idan da su za a yi amfani da ma'aunin, to da su za a gwada shi. Duk tambayar da aka gyara, a sake kai ta wa wasu sabbin mutane. Bayan haka a aika wa masu ma'aunin sigar ƙarshe da duk rahotannin, a jira amincewarsu.

Mataki na shida: babban gwaji

Mutum nawa? Ƙa'idar da aka saba ita ce mutum 10 ga kowace tambaya, wato 110 ga OBQ11. Jagororin COSMIN, ƙa'idodin tantance ingancin ma'aunan lafiya, suna neman aƙalla ninki 7 na yawan tambayoyi kuma kada a gaza 100. A ganina, wanda zai yi nazarin tsarin ma'auni da gaske ya nemi 200 ko fiye, musamman idan yana son kwatanta maza da mata.

Lokacin tattara amsa yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin ma'aunin yana tambaya ne kan makon da aka saba. Azumin Ramadan yana juya barci da girki da ziyara. Hutun idi yana kwashe mutane zuwa garuruwansu. A Ordu da Giresun, watan Agusta na girbin gyaɗar hazel ne, gida duka yana gona. Ɗalibai kuma suna da makon jarrabawa. Ka guje wa waɗannan lokuta, idan kuma ba makawa, ka faɗa a rahoto.

Tare da ma'aunin, ka ba mutane wasu ma'aunai da aka riga aka tabbatar a Turkanci. Akwai SF-36 na lafiyar gaba ɗaya, wanda Koçyiğit da abokan aikinsa suka tabbatar a 1999, da WHOQOL-BREF na ingancin rayuwa da Eser da abokan aikinsa suka yi a shekarar, da ma'aunin baƙin ciki na Beck wanda Nesrin Hisli ta daidaita a ƙarshen shekarun 1980. Kada ka cika wa mutane takardu. Biyu sun isa.

Kafin ka ga sakamako, rubuta hasashenka ka ajiye da kwanan wata. Misali: makin daidaito zai tashi tare da makin ingancin rayuwa, alaƙa matsakaiciya tsakanin 0.30 da 0.50, zai sauka idan makin baƙin ciki ya hau, masu kula da mara lafiya a gida za su samu maki ƙasa da waɗanda ba sa yi. Ƙa'idar da Caroline Terwee da abokan aikinta suka fitar a 2007 ita ce kashi 75 cikin 100 na hasashen su tabbata. Wanda ya jira ya ga lambobi sannan ya ƙirƙiro hasashe bai gwada komai ba.

Mataki na bakwai: lissafi

Fara da duba bayanan kansu. Wace tambaya aka fi tsallakewa? Idan sama da kashi 15 cikin 100 sun samu mafi ƙanƙantar maki ko mafi girma, ma'aunin ba ya iya bambanta mutane a wannan gefe.

Sannan tsarin ma'auni. Masu OBQ11 sun gina shi ne don ya auna abu guda, saboda haka nazarin tabbatar da tsari shi ya dace, a gwada ko tambayoyi 11 suna taruwa ƙarƙashin tushe ɗaya. Iyakokin da Hu da Bentler suka bayar a 1999 ga lambobin da ke nuna yadda tsarin ya dace da bayanai su aka fi ambata: CFI kusa da 0.95 ko sama, RMSEA kusa da 0.06 ko ƙasa, SRMR ƙasa da 0.08. Tunda amsoshin matakai 4 ne kawai, ka yi amfani da hanyar ƙiyasi da ta dace da bayanai masu daraja-daraja, irin WLSMV, wadda ke cikin Mplus da kuma lavaan na manhajar R, wadda kyauta ce. Gargaɗi ɗaya a nan. Manhaja za ta ba ka shawarar haɗa kurakuran wasu tambayoyi don lambobi su yi kyau. Idan akwai dalili a ma'anar tambayoyin, ka yi ka bayyana. Idan babu, ka bari. Haka kuma kada ka jefar da tambaya don ta ɓata maka lamba. Ka koma kan bayanan gwajin farko, sau da yawa za ka tarar tun can mutane sun yi tuntuɓe da ita, kuma kalmominta ne ke buƙatar gyara.

Idan kana da hali, ƙara da nazarin Rasch, hanyar da masanin lissafi ɗan Denmak Georg Rasch ya kafa a 1960. Da ita aka tace OBQ daga tambayoyi 13 zuwa 11, aka kuma rage matakan amsa. Amfaninta babba a Turkiyya shi ne tana nuna ko wata tambaya tana aiki dabam ga maza da mata, ko ga matasa da tsofaffi, ko da daidaitonsu na gaske ɗaya ne. Idan aka yi la'akari da ratar aikin gida da na ambata, wannan bincike ba ado ba ne.

Haɗin kan tambayoyi ana auna shi da alfar Cronbach, kuma tsakanin 0.70 da 0.95 ake so. Wanda ya haura 0.95 alama ce ta maimaici. Ka ba da omega ta McDonald, wani awon na haɗin kan tambayoyi, ma a gefe.

Sai maimaita gwaji. Ka koma wa aƙalla mutum 50 bayan mako ɗaya zuwa biyu, tazarar da ta isa su manta amsarsu amma ba ta isa rayuwarsu ta sauya ba. Ka tambaye su ko wani babban abu ya faru a tsakani, kamar rasuwa, haihuwa, ciwo, ko rasa aiki, ka ware waɗanda suka ce e. Ka lissafa ICC, lambar da ke nuna yadda makin farko da na biyu suka yi daidai. Daga 0.75 zuwa 0.90 mai kyau ne, sama da haka ya yi kyau ƙwarai.

Kada ka tsaya a nan, domin mai duba mara lafiya a asibiti ba ICC yake buƙata ba. Yana son ya san maki nawa za su sauya kafin ya ce an samu ci gaba na gaske. Ga yadda ake fitar da shi, da lambobin misali kawai. A ce bazuwar maki, wato yadda makin mutane ke nesanta daga matsakaici, 5 ce, ICC kuma 0.90. Ka cire 0.90 daga 1, ka samu 0.10. Tushensa 0.316. Ka ninka da 5, ka samu 1.58, shi ne kuskuren awo. Ka ninka wannan da 1.96, sannan da 1.414, ka samu kusan 4.4. Ma'ana, wanda makinsa ya tashi daga 15 zuwa 18 bayan magani, ba za a rantse ya sauya ba. Wanda ya tashi daga 15 zuwa 20, sauyinsa ya wuce kuskuren awo.

Mataki na takwas: rahoto

Ka rubuta su wa ka gwada a kansu dalla-dalla: shekaru, jinsi, ilimi, gari, sana'a. Ma'aunin da aka tabbatar a kan ma'aikatan jami'a masu lafiya a Ankara ba a tabbatar da shi ga masu tsinkar auduga a Şanlıurfa ba, ba kuma ga iyalan da girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta raba da gidajensu a Kahramanmaraş da Hatay ba. Ka faɗi wannan da bakinka a cikin rahoton kafin wani ya ɗauki takardar ya yi aiki da ita inda ba a gwada ta ba.

Ka bayyana kowace tambaya da aka sauya da dalilin sauyin, da waɗanda suka ba da wahala ko da an bar su yadda suke. Kada ka ƙirƙiri wani maki ka ce daga nan zuwa ƙasa mutum ba shi da daidaito, sai idan bincikenka an tsara shi ne don gano hakan. Ka bi jerin COSMIN ka duba ko ka tsallake wani abu. Daga ƙarshe ka aika wa masu ma'aunin sigar Turkanci ta ƙarshe da takardar bayanin yadda ake ba da maki, ku amince kan inda masu ergoterapi a asibitoci da cibiyoyin farfaɗowa za su same ta da kuma wanda za su rubuta wa idan suna neman izinin amfani da ita.